Ruwa Ba Dutse Ba Ne

Wata bakwai ina gyaran salula a bakin kasuwar Dole,
ina tara jika, ina tara dala,
kafin na saye shi hannun wani da ya dawo daga Arewa:
fukafukai huɗu, ido ɗaya,
bai fi tantabara nauyi ba.

A kan duwatsun Birni na koya masa tashi.
Dutse ba ya ƙarya.
In jirgi ya leƙo, ya san inda ƙasa take.
Na ɗauka ko'ina haka ne.

Wata Lahadi muka shiga motar Gidimuni,
ni da Tsahiru, ɗan yayata.
Ya ce, Kawu, mu ɗaura masa gorunan roba biyu,
ko da tsautsayi.
Na ce za su ɓata hoto.
Ka ji maganar babba.

Da zai tafi iska na bayansa,
ya wuce dabinai, ya wuce komayen albasa,
ya shiga tsakiyar tafki kamar an kira sunansa.
Ban tuna ba cewa dawowa ce ke cin batir.
Talatin ta koma sha biyu
kafin in rufe baki.
Sai ga shirwa, ta kewaye shi sau biyu,
na sauke shi ƙasa-ƙasa don in kauce mata.
Idon da ke cikinsa ya duba ƙasa,
ya ga sama, ya ga gajimare,
ya ga wani jirgi irinsa yana tahowa,
ya tafi su gaisa.

Babu ƙara.
Tsulum, kamar yaro ya jefa goriba.

Na tuɓe takalmi, ruwa ya kai mini gwiwa,
sai murya daga cikin kacalla:
Malam, nawa ka saye shi?
Na faɗa.
To kai fa, nawa aka saye ka?
Baba Kyari ne, masunci.
Taɓon nan, in ji shi, bara ya riƙe saniya
bai mayar ba.
Fito. Kada ka ɗauke ido daga wurin.
Nemi abu biyu da ba sa motsi:
dabinon can mai karkata, da ƙarfen salula a bayansa.
Yaro ya zaga gefe ya kama nasa biyun.
Inda idanunku suka haɗu, nan zan jefa.

A jifa na tara birgi ya fito
da karfasa biyu da jirgina,
ciyawa ta naɗe masa fukafukai.

Yatsana ya nufi maɓalli.
Ni, da kullum nake hana mutane a shago!
Na janye. Na zare batir,
ya kumbura, yana ɗumi,
na ajiye shi kan yashi nesa da ƙafar yara.
Na ɗauraye jirgin da ruwan leda shida,
don gishirin tafki a hankali yake cin abu.
A gida na kwance shi ƙusa-ƙusa,
alkol da tsohon buroshin haƙori,
kwana huɗu a inuwa gaban fanka.
Zuwaira ta kawo tiyar shinkafa a binne shi.
Na ce gara ki dafa mana.

Inji uku sun tashi.
Na huɗun ya yi shiru, ina jiran saƙo daga Kano.

Amma katin bai mutu ba.
Na koma na nuna wa tsoho,
ya riƙe wayar da hannu biyu, ya daɗe.
Shekara hamsin ina cikinsa, ya ce,
ban san bakinsa na gabas ya janye haka ba.
Ya sa farce kan wani ɗigo: wannan ni ne?
Sake mini daga farko.

Gorunan nan biyu suna kan tebur.
Tsahiru ya riga ya ɗaura musu zare.
Bai ce mini komai ba.