Huda Huɗu

Shekara arba'in ina huda fata,
ban taɓa zaton tawa za ta shiga hannun wani ba.
Ni ne Labbo na Madunka, mai basilla,
mai duban ɗinkin takalmin mutum kafin fuskarsa.

Fitsari ne ya tona asiri.
Wata Laraba ya fito ja,
jan karan-dafi, irin wanda nake shafa wa kirgi.
Wata biyu na haɗiye maganar,
har Tumba ta gani a makewayi, ta ce,
"Wanga ba zahin rana na ba. Tashi mu tai."

A asibitin koyarwa, Likita Ruwaida ta ɗaga hoto ga fitila,
ta nuna wani dunƙule a ƙodar hagu,
bai kai goriba ba.
Ta ce daji ne. Ta ce ƙodar za ta fita.
Na ce a kawo wuƙa ke nan, a farke ni kamar salka?
Ta ce a'a, huda huɗu,
ido zai shiga ta ɗaya, sauran na ƙarafa ne,
sai ƙaramar tsaga a mara, ƙofar fitar baƙo.

Dariya ta zo mini, ban yi ba.
Wa ya taɓa feɗe akuya ta kafar allura?

Na farfaɗo da ƙishi, da ciwo a kafaɗa,
inda ko taɓawa ba a yi ba.
Iskar da aka hura maka ce, in ji su, za ta wuce.
Kashegari na taka zuwa taga, ina dafa bango.
Rana ta huɗu ina cikin keke, an wuce Gawon Nama,
kowane rami na hanya yana gaishe ni da suna.

Amma gadon da ke damana akwai Arzika,
mai noman albasa daga Kwalkwalawa.
Shi ma da huda aka soma,
jini ya ƙi tsayawa, aka buɗe shi sosai.
Nasa ya riga ya yi jijiya.
Mun raba lemo ɗaya, dare biyu.
Har yau ban tambayi labarinsa ba,
kuma na san abin da ya hana ni.

Mako uku, takarda ta fito:
gefen abin da aka cire fes yake, bai tsallaka ba.
Tumba ta yi guɗa a baranda, ma'aikaciya ta harare ta.
Likita ba ta ce na warke ba.
Ta ce, "Ka dawo bayan wata shida. Sannan wata shida."
Haka aka yanka mini shekara gida biyu,
kamar fatar da ba ta isa gafaka ba.

Yanzu ƙoda ɗaya ke jan kayan biyu,
jakin da ɗan'uwansa ya kwanta a hanyar kasuwa.
Ina lallashinta da ruwan randa.
Kilishi sai ƙanshi. Gishiri, ɗan yatsa.
Ƙwayar ciwon baya ta mai tebur, mun yi sallama.
Azumin bana, a zafin nan mai narkar da kwalta,
sai na ji bakin likita kafin na malam.

Jiya bayan la'asar na ɗaga riga gaban madubin Tumba,
na duba aikin da idon sana'a.
Uku sun kwanta lumui, ko ni sai haka.
Na huɗu, kusa da cibiya, ya ɗan tattare,
an ja zaren da gaggawa.
Da yarona ne ya yi shi, da na sa ya warware.

Na saki rigar.
Akwai kube uku da ke jirana tun kafin salla,
na zauna, na lashi bakin zare.