Mai Juya Layin Dogo

A Tczew, inda layukan dogo ke rabuwa kamar yatsu,
ɗakin karatun gari na da kwamfuta tara,
biyu sun mutu tun bara.
Laraba da yamma nake koyarwa,
kuma Bogumił Wrona ke riga kowa zuwa,
da hular ulu, da ƙanshin miyar kabeji a kwat ɗinsa,
shekara sittin da bakwai, yatsu kamar saiwar rogo.

Na rubuta a allo: idan kaza ne, yi kaza,
in ba haka ba, yi wancan.
Samari suka yi hamma.
Shi ko ya yi dariya har da tari.
"Ai wannan aikina ne, yarinya.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗakin sigina.
Idan jirgin Gdańsk ne, in ja ƙarfen hagu.
Idan na gawayi ne, ya jira.
Ba a tura jirgi hanya biyu a tafiya guda."

Buƙatarsa ba yawa:
rumfar gilashi a bayan gida, tushen tumatir sha huɗu,
da na'urar ɗumama mai cinye kuɗin fansho.
Idan awon zafi ya gaza biyar, ta kama.
Idan ya haura biyar, ta mutu.
Ya buga da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi,
yana cizon leɓe.

Da mako ya zagayo ya shigo a murtuke.
Daren Lahadi awo ya sauka, na'ura ta kama,
sai ya hau ya tsaya kan biyar cif,
ba sama, ba ƙasa.
Kwamfuta ta duba ƙofa biyu, babu wadda ta dace,
ta naɗe hannu,
mita na gudu har gari ya waye.
Na ce, "Ba ta san ‘ai ka gane’ ba.
Abin da ba ka faɗa mata ba, ba ta ji ba."
Muka ƙara alama ɗaya ƙwal: ko daidai da.
Ya daɗe yana kallonta
kamar ƙusar da ta kusa kifar da tarago.

Samari sun watse, mai shara ta fara ɗaga kujeru,
ruwa na zuba a tagar da ke kallon kogi.
Bai tashi ba.
Ya ce, "To, yaya ake rubuta ‘da’?
Da na kai Wiesława asibiti ranar Juma'a,
ba Litinin ba.
Ta ce ciwon ciki ne kawai, na yarda."

Na laluba duk abin da na sani, ban samu ba.
Na ce, "Wannan harshe ‘idan’ kaɗai ya iya,
gaba yake kallo.
Da-na-sani ƙeya ce, shi kuwa ba shi da ƙeya."
Ya gyaɗa kai.
"Haka dogo yake. In jirgi ya wuce mararraba,
ja ƙarfen har hannunka ya karye."

Ya gyara tabarau, ya koma kan yatsa ɗaya.
Can ƙasan shirin, a reshen ƙarshe,
inda babu sanyi, babu abin kunnawa,
ya sa allo ya riƙa rubuta:
Tumatir lafiya, Wiesia. Yi barcinki.
Ya gwada da bakwai. Ya fito.
Ya sake gwadawa da bakwai.