Muciyar Iya Tasalla

Sanarwa ta iso unguwarmu ran Talata:
gidan tarihi na tsohuwar Jidda yana kira,
kowa ya zo da abin da kakanni suka bari,
ko tsinke ne, in dai akwai labari a bayansa.

Gwaggo Uwani ta zazzage akwati tsakar ɗaki.
Ba zinariya, ba takarda mai hatimi.
Ta shiga madafa, ta fito tana goge hannu,
riƙe da muciya, kanta ya cinye ta gefe guda
kamar takalmin mai ɗingishi.

Na ce, "Gwaggo, wannan, a bainar jama'a?"
Ta ce, "Wadda ta ciyar da ku ce ta zama abin kunya?"

Muka hau bene ta ƙarƙashin tagogin katako,
iskar teku na shigowa da gishirinta.
Wani ɗan Buhara ya kawo tukunyar shayi ta tagulla,
'yar Jawa ta shimfiɗa zanen auren uwarta,
ga dattijon Hadaramautu da littafin bashin ubansa,
sunaye cike, masu su duk sun kwanta dama.
Ni kuwa tamu na cusa cikin abaya,
ina addu'ar lokaci ya ƙure kafin a zo kanmu.

Bai ƙure ba. Gwaggo ta miƙe.
Larabcinta na kasuwa, Hausarta ta gado,
ta dama su wuri ɗaya, ba gudaji:
Tasalla ta bar Gumel da goyo,
shekara bakwai fuskarta na gabas.
Damina biyu a bakin Chadi,
uku tana tsinkar auduga a Jazira,
ta binne miji kafin Sawakin,
ta sayar da tasoshi, ta sayar da munduwa.
Ran shiga jirgin ruwa aka ce a rage kaya,
sai ta soke wannan a ɗamara
ta ce ƙashin bayanta ne, wa ke rage shi?

Ɗaki ya yi tsit.
Na zaro ta, hannuna na rawa.

Ruwaida, mai kula da kayan, ta sa farar safar hannu,
ta karɓa kamar jaririn da ba a yi wa suna ba.
"Wane itace ne? Wace shekara?"
"Itacen da bai karye ba. Shekarar da fara ta ci gero."
Ta ɗau alƙalami za ta rubuta sunan, ta tsaya cak,
bakinta na neman harafin da harshenta bai tanada ba.
Daga can baya Baba Mamuda mai ɗinkin hula ya ɗaga sanda:
"Sa ɗigo uku a sama, 'yata,
haka malamanmu suke yi wa ca."

Sai batun gilashi:
fitila a kai, sanyi daidai, ba hannun da zai taɓa.
Gwaggo ta gyara mayafi.
"To tuwon Juma'a fa?
Muciyar da ta daina shiga tukunya ai sanda ce."

An daɗe ana ciniki, har aka kira la'asar.
Ga inda aka tsaya:
Asabar zuwa Alhamis ta tarihi ce,
Alhamis da yamma in zo in sa hannu in ɗauka.
A gurbinta akwai ɗan kati, rubutun Ruwaida,
wai ta tafi aiki, za ta dawo.

Wata huɗu ke nan.
Akwatin gilashin ya soma ƙanshin daddawa,
sun wanke, sun goge, ya ƙi fita.
Makon jiya Ruwaida ta biyo ƙanshin har gida,
ta zauna kan tabarma, miyar kuka na zille mata,
Gwaggo na koya mata yadda ake yanko loma.

Ni kuma yanzu a kafaɗa nake saɓa ta,
in ratsa kasuwa, ta gaban masu turare,
wani yaro ya tambaye ni ko ta sayarwa ce.