Abin da Ruwa Bai Ɗauke Ba

Ƙarfe biyun dare a Murcia,
Fuensanta ba ta koma gida ba.
Ta yanki ganyen latas daidai faɗin farce,
ta kwantar da shi ƙarƙashin madubin
da ke mai da silin gashi gungume.

A ido, ganye sumul yake kamar kumatun jariri.
A madubi kuwa ƙasa ce guda:
ga tudu, ga kwari, ga kwazazzabo,
ga jijiya ta miƙe ta yi rassa,
ga dubban ƙananan bakuna a buɗe
inda ganye ke shaƙar iskar safiya.

Nan baƙuwar ta sauka.
Ba ƙafa, ba fiffike, ba numfashi.
Ba ta ci a nan, ba ta haihuwa a nan.
Ɗan dunƙule ce mai ƙusoshi,
ƙarangiyar da ta fi ƙarfin ido.
Ruwan rani ya goyo ta daga kwata,
ko yatsa, ko bakin wuƙa.

A bangon ganye akwai wani sukari
wanda harshe ba ya jin zaƙinsa.
Siffarsa ta ɗauko kamannin
wanda ke shimfiɗe a hanjin mutum.
Ƙwayar ta laluba, ta ji ƙanshin gida,
ta shige kamar makulli cikin kwado,
ƙyas.
Ta yi ɓatan ƙofa,
amma ba ta da gaggawa.
Wanda zai kai ta inda take so
yana can yana neman cokali.

Fuensanta ta wanke ganyen sau uku.
Ruwa ya mirgine bisa kakin fatarsa
kamar a bayan agwagwa.
Na sarari sun bi ruwa sun tafi.
Na cikin lungu ko gezau,
na bakin yanka, inda wuƙa ta sa ganye hawaye,
sun ma fi yawa, sun fi riƙo.
Sanyi bai kashe su ba,
adana su ya yi kamar amana
a cikin motocin da ke nausawa arewa
su kwana uku kafin Hamburg.

Ta rubuta lambobi. Ta tsaya.
Ginés ne ya faɗo mata,
mahaifinta, shekara talatin a duƙe
cikin gonakin Torre Pacheco,
yanka, fige, naɗe, jefa a kwali,
kai dubu kafin rana ta take tsaka.
Ta tuna asubar da ciki ya murɗe shi,
ya fito da gumi, ya ɗaura takalmi,
domin ranar da ba a yanka ba
ba ta shiga lissafin mai gona.
Banɗaki yana can ƙarshen kunya ta ɗari,
tankin ruwa ya ƙafe tun Talata,
sabulu kuwa sai labari.

Ruwa ba ya tsami banza.
Madubi ya nuna mata ƙusoshin ƙwaya,
bai nuna mata nisan banɗaki ba.
Ta buɗe sabon shafi a ƙarshen rahoto,
shafin da ba a biya ta ta rubuta ba:
famfo ɗaya a bakin kowace gona,
da kuɗin yini ga mai gudawa ya zauna gida.

Da gari ya waye ta bi ta wajensa.
Ya yayyanka latas da tumatir,
ya zuba man zaitun da hannu mai rawa.
«Me kika gano a ganyena?»
«Ganye ba shi da laifi, Baba.»
Ya daɗe yana duban tafukansa,
kantar wuƙa, tsagar sanyi, ƙasa a ƙarƙashin farce.
«Hannun fa?»

Ba ta amsa ba.
Ta jawo kwanon gabanta,
ta ɗauki ganyen da ya fi tamoji,
ta ci.