Abin da Ban Sa a Littafin Rahoto Ba

Ƙarfe shida na yamma na ɗaura bel,
a ramin da na huda da ƙusa bayan haihuwar Mu'awiya.
Na bar miyar sure bisa wuta,
na ce wa Luba ta sauke in ta yi kauri.
Shekararta tara. Ta ce, "To, Kofur."
Haka take kirana in tana fushi.

Ɗan kabu-kabu ya aje ni bakin caji ofis.
Zafin Sakkwato bai san rana ta faɗi ba.
Fankarmu ta mutu tun azumin bara,
mun kai kuka, an ce ana dubawa.

Ƙarfe tara, rigimar 'yan haya kan kuɗin wuta.
Na rubuta.
Sha ɗaya, an fizge wayar wani a Gawon Nama.
Na rubuta.
Sha biyu saura, tawa wayar ta motsa a aljihu.
Attahiru ne: "Jikin yaron nan da zafi.
Ina kika aje maganin?"
Bisa firji, bayan gwangwanin madara,
cokali ɗaya, ba biyu ba.
Sufeto ya ɗago kai. Na kashe.

Sai ga mai shayi saɓe da wani yaro,
ya tsince shi bakin tasha, takalmi ƙafa guda,
bai san sunan unguwarsu ba, kuka kawai ya iya.
Maza huɗu a kan kanta, duk suka juyo gare ni,
sai ka ce igiya biyun da ke hannuna
ta raino aka ba ni.

Na ciro zanen sallata,
na goya shi a kan kaki.
Na yi ta safa da marwa tsakanin kanta da ƙofar sel
har numfashinsa ya kwanta a wuyana.
Nono ya kawo, bai tambayi ɗan wa ne ba.
Na kare ƙirjina da fayil.

Da asuba uwarsa ta faɗo daga Mabera,
ba mayafi, murya ta dishe.
Ta kwance shi daga bayana ba ta ko dubi fuskata ba,
ban kuma ga laifinta ba.
Na rubuta: an miƙa yaro ga mahaifiyarsa,
biyar da minti arba'in.

A gida zazzaɓi ya sauka.
Attahiru na barci zaune, cokali a hannu.
Luba ta kankare ƙanzon tukunya don kar in gani,
kitsonta rabi, tun Lahadi nake cewa gobe.
Na miƙa wa Mu'awiya hannu,
ya shinshini wuyana, ya kau da kai.
Sai da na tuɓe hula, na tuɓe but,
na zauna ƙasa kamar mai ba da bayani,
sannan ya rarrafo.

Takardar neman a mai da ni aikin safe
na cikin aljihun rigar da na jiƙa a bokiti.
Na tuna da ita bayan tawada ta narke.

Luba, kawo mataji.
Muna da lokaci har ƙarfe shida.