Mabuɗi a Bakin Zane

Delu ta sauka a tashar Kawo da la'asar,
jaka guda, da rigar aiki mai tambari a ƙirji.
Wata goma sha huɗu ta yi a wata ƙasa
inda aka taɓa wayar gari da jerin sunaye,
ana bi gida-gida ana karantawa,
wanda aka kira kuwa bai sake amsa kira ba.

Na ce, "Me kika je yi can, 'yata?
Ke ba soja ba, ke ba likita ba."
Ta ce, "Rubutu, Baba.
Ƙasashe sun yi karo-karo sun kafa zauren sauraro,
suka zaunar da ni kusa da tafinta,
abin da baki ya furta in sa shi a takarda,
har da shirun da ba a iya fassara shi ba."

Uwarta ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar taushe.
Loma uku ta yi.
Bayan katanga Ɗanlami mahauci ya sara ƙashi,
sai ta tsame hannu, ta shige ɗaki,
har aka yi isha'i ba ta fito ba.

Can cikin dare, da aka ɗauke wuta, ta buɗe baki:
"Motocinmu farare ne masu dogon eriya.
Mun kai janareto, mun rufa wa kotu sabon kwano,
mun koya wa 'yan sanda cewa kamamme mutum ne,
yana da suna, yana da ranar shari'a.
Wani dattijo ya dubi tayoyinmu ya ce,
'Sannunku da zuwa. Hanyar nan da kuka biyo,
ranar da muke kururuwa ma ba a rufe take ba.'"

Na ce, "Ihu bayan hari ke nan."
Ta ce, "Haka ne. Amma bayan hari akwai saura.
Wata tsohuwa ta zo da mabuɗi ɗaure a bakin zane,
gidan ya zama toka, ƙyauren an yi makamashi da shi.
Ta ce a rubuta: ɗaki biyu, gwaiba a tsakar gida,
yara biyar, autan yana tsoron agwagwa.
Ta sa aka karanta mata sau biyu,
ta gyara mini sunan autan, ta ɗaure mabuɗinta.
Ko sisin diyya ba ta tambaya ba."

Sai na yi gum.
Ni ma ina da mabuɗi, cikin gwangwanin maɓallai.
Na gidanmu ne na Kakuri, zamanin ina masaƙa.
Shekarar da hayaƙi ya raba garin nan biyu
Bulus Kazah ya ɓoye mu a ɗakin kajinsa kwana biyu,
Delu tana goye, uwarta na toshe mata baki.
Ya tsaya a ƙofa ya ce wa samarin, "Sun tafi tun jiya."
Muka haye gada da katifa a ka.
Babu farar motar da ta zo ta tambaye mu,
ni ma ban koma na ce masa na gode ba.

Tsakanin Tudun Wada da can, kuɗin mota ne kawai,
amma shekara ashirin da ɗoriya ban kai ba.

Da safe na ce, "Ɗauko littafinki."
A kan gada na leƙa ƙasa:
masu wanki sun baza kaya a kan duwatsu,
kogin bai tambayi mai riga addininsa ba.

Ko Bulus na raye, oho.
Mabuɗin na zufa a tafina.
Delu ta buɗe sabon shafi, ta danne shi da gwiwa,
"Baba, faɗi sunansa a hankali,
kada in rubuta shi ba daidai ba."