Kwano na Huɗu

Gidanmu na Runjin Sambo, bayan masu niƙa,
tukunya ɗaya muke ɗorawa, mata huɗu ke jiranta.
Ni ke riƙe da mara, ni ke raba tuwo.

Hansatu ɗiyata, bana sha uku,
wata biyu ke nan da ta soma ɗauke salla.
Ta dawo makaranta tana dafa bango,
wai juwa, wai allo na rawa gabanta.
Abin da jiki ya zubar, sai an biya shi.
Na isa wurin Ɗan Tumba tun bai gama fiɗa ba,
hanta guntuwa, ya jefa min gyara.
Na dafa da alayyahu, na matsa lemun tsami a kai,
na ɗauke mata kofin shayi sai can an jima.
Ta turo baki. Ta ci.

Kulu ƙanwata ta zo goyon ciki daga Wurno,
wata bakwai, takalmi ya ƙi ƙafa.
Ƙwayoyin awo, ja da ruwan ɗorawa,
na tsinto su ƙarƙashin matashi, ko ledar ba ta ɓare ba,
wai suna tayar mata da zuciya.
Na ce ke, akwai magini a ɗakin da babu taga,
yana jiran ƙasa da ruwa, ke kuma kin rufe ƙofa.
Wake da rana, kwaɗon zogale da ƙuli da la'asar,
ƙwai duk ranar da kaza ta yi kirki.
Inna ta leƙo: "Mai ciki da ƙwai? Ɗa shina sata!"
Na ce Inna, ɓarayin da suka kwashe mana awaki bara,
wa ya ga uwayensu da ƙwai?

Inna Ige, saba'in da ɗoriya, ita ma ta bar ƙirga.
A da, daga Kwalkwalawa take ɗauko itace a ka,
yau sujada sai a zaune,
gwiwa na kuka kamar ƙyauren langa-langa.
Haƙori uku ya rage, su ma ba sa ga maciji da tsoka.
Kindirmo nake karɓa mata wurin Jummo mai zuwa daga Kware,
ƙananan kifin Rima in dake su da ƙayarsu cikin miyar kuka,
riɗi a kantu ta tsotsa,
da hantsi in shimfiɗa mata tabarma rana ta shafi ƙwaurinta
kafin zafin Sakkwato ya soma cizo.

Ranar Talata na raka Kulu awo.
Malama Habsu ta gama da ita, sai ta tsaya tana kallona.
Ta ce matso.
Ta ja fatar idona ƙasa da ɗan yatsa,
ta juya tafina, ta danna farce.
"Fari fat. Ke, mi kika ci?"
Na buɗe baki in lissafa,
hanta, zogale, nono, kifi,
sai na ga duk a kwanon wasu na san su.
Ni ƙanzo ne, a tsaye, bayan an kashe fitila,
da moɗa biyu daga randa.
Arba'in da huɗu nake,
al'ada na zuwa kamar ruwan Agusta ba sallama,
ina haki kan bokiti guda,
ina cewa aiki ne, ina cewa shekaru.

Na dawo da tawa ledar, ja kamar ta Kulu.
Da dare na jera kwano huɗu,
hannuna na ta son ya rage na ƙarshe.
Inna ta turo min kan kifinta ba ta ce komai ba.
Hansatu ta yanka lemun tsami, ta matsa a nawa,
ta miƙa hannu ta ɗauke kofin shayina.
Na turo baki.
Na ci.